Turbar da Dawa ta Cinye

Lallen bakin turba ya yi fure bana tun dawa ba ta kai gwiwa ba. Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsince wake, iska ta kwaso min ƙamshinsa. A daidai nan rediyon jikata Zainabu yake ba da labarin wasu ƙasashe biyu da suka zauna suka sa hannu a takarda, wai yaƙinsu ya ƙare. Zainabu ta ce ita dariya abin yake ba ta, mutanen da suka daina harbin juna tun tuni, mene ne kuma na taro da sa hannu? Na ce mata ke dai boko ne kawai a kanki. Daina duka daban, gama faɗa daban. Ni da kike gani na yi zaman aure a tsakanin biyun, har na kusa yaye ɗa a ciki.

Ni 'yar Rijiyar Marke ce, aure ya kawo ni nan Tudun Kanya. Yanzu in ka hau babur, kafin ka gyara zama ka isa. A lokacin ma ba wani nisa ba ne, in zakara ya yi cara a garinmu ana jin sa a nan. Turba ɗaya ce ta haɗa mu, wadda jakai masu kawo taki suke bi, ta ratsa tsakanin gonar Babanmu da gonar surukina, wanda kowa yake kira Baba na Tudu. A bakin turbar akwai wata tsohuwar ɗorawa. Gindinta yana ɓangaren Babanmu, rassanta masu 'ya'ya kuwa sun rankwafo ɓangaren Tudu. Tun kakanni ake cin ta tare, ba wanda ya taɓa tambayar ta wa ce.

Ina da ƙaramin ciki, da bazara, samarin Tudu suka je da ƙugiya suka kaɗe ɗorawar tas kafin mutanen garinmu su farga. Daga cacar baki sai sanduna. Aka fasa kawuna, aka karya wa Kawu hannu, aka cinna wa wani rumbu wuta a Marke. Sai da dagaci ya zo da 'yan sanda ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga sanda a Gezawa zai kwana, sannan kowa ya koma gida yana huci. A cikin hucin nan ne Baba na Tudu ya rantse da Allah ba wani ɗan gidansa da zai ƙara taka Rijiyar Marke. Labari ya kai wa Babanmu, shi ma ya rantse irin tasa. Tsofaffin nan biyu, Allah ya jiƙansu, da za a auna taurin kansu da ba a san wanda ya fi ba.

Daga ranar ba a ƙara dukan kowa ba. Amma ba gaisuwa, ba zuwa suna, ba jana'iza, ba gayya. Turba ta mutu. To ƙasar nan tamu kun san ta, ko faɗin tafin hannu ba a bari ba shuka. Damina na faɗuwa Baba na Tudu ya ƙara kunya ɗaya a cikin turbar. Babanmu ya gani, ya ƙara tasa. Da wata daminar ta zagayo suka sake gutsura, har turba ta ɓace ɗungum. Ganyen dawarsu yana shafar juna in iska ta kaɗa, masu dawar kuwa ba sa ga maciji.

Ni abin da ya ci ni a ciki shi ne goyon ciki. Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta, ita za ta yi miki wankan jego, ta dama miki kunun kanwa, ta yi miki faɗa. Ni ce auta a wajen Inna, kuma ni kaɗai ce mace. Tun da ta ji ina da ciki ta fara tara itacen wanka, a garin da kara da kashin shanu ake girki, ice kuwa sai mai rabo. Hansai mai tallan nono, wadda ba ruwanta da rantsuwar kowa tunda gari biyun duk cinikinta ne, ita ta gaya min Inna ta jibge marke da ƙirya a bayan ɗaki har sun kusa kai katanga.

A nan Tudu na haihu. Gwaggo, uwar mijina, ita ta yi min wanka da wutar kara, Allah ya saka mata, ba ta rage ni da komai ba. Amma ruwan kara ba ya riƙe zafi, hannun kuma ba na Inna ba ne. Nakan sunkuya cikin tururi in yi kukana, tunda a nan ba mai bambance hawaye da gumi. Hansai ce ta zama ƙafata. In ta sauke ƙwarya sai ta ce Inna tana tambaya wa yaron ya ɗebo, ya fara zama, haƙori ya fito? Ni kuma in tambayi itace. Kullum amsa ɗaya, yana nan, ko tsinke Inna ba ta bari a zara, har ta taɓa bin yayana da muciya a kansa.

Ɗan farin nan nawa, wanda har yau ba na faɗin sunansa sai dai in ce muku uban Zainabu, yana tafiya da ƙafarsa lokacin da damina ta uku ta zo mana da nata salon. Ruwan farko ya sauka da wuri, mai yawa, kowa ya fita da sungumi yana murna. Shuka ta fito kore shar. Sai sama ta rufe bakinta. Muna kallo ganye ya murɗe, ya yi fari, ya kwanta. Da aka sami ɗan yayyafi aka sake shuka da hatsin da za mu ci. Wannan karon wani rami ya fito, wani ya ƙi, gona ta zama gurbi-gurbi kamar kan mai makero.

Yunwar damina ba irin ta sauran lokaci ba ce, domin tana zuwa ne daidai lokacin da ake neman ƙarfin riƙe fartanya. Da asuba mu bi layin rijiya, guga ya fito rabi ruwa rabi laka, sai an ajiye shi ya kwanta. Da hantsi yara su bazu neman tafasa da yaɗiya da rama. A dafa, a matse, a marmasa ƙuli-ƙuli ɗaya a kai don maganin ƙauri. Da azahar in zuba ɗan mudun dawa a turmi, dusar da a da muke ba awaki ita ma mu dama ta kunu. Tuwo sau ɗaya, da magariba, Gwaggo ce mai kwasa, kuma na sha kama ta tana rage nata tana ƙara min don ina shayarwa. Ga zafi, zani ya manne a baya, ƙasar tsakar gida ba ta takuwa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta ɗauke shi ta kai wa wasu.

A duk faɗin gonakin nan wuri ɗaya ne ya ƙi jin fari, wato tsohuwar turba. Kashin jakai na shekara da shekaru yana kwance a ƙarƙashinta, ga ta da ɗan kwari mai riƙe laima. Dawar wurin ta tashi cunkus, kore har tana ɗaukar ido. Kowace safiya tsofaffin nan biyu sai sun je duba ta, wannan ya juya wa wannan ƙeya, kowa yana shafa ganyen nasa ɓangaren.

Ni kuwa haƙurina ya ƙare. Suruka ba ta tsayawa gaban surukinta ta yi magana, amma ba wanda ya hana ta waƙar daka. Rannan na daidaici Baba na Tudu yana alwalar azahar a bayan zana, na ɗaga taɓarya na saki murya:

Turmi, turmi, kai ka ji daɗi,
taɓaryarka kullum tana zuwa gida.
Dawa ta gai da dawa a gona,
masu gemu sun kasa sannu.

Gwaggo ta zaro ido tana yi min alama in yi shiru, amma da bakin zani ta toshe bakinta, kafaɗunta suna rawa. Daga bayan zana muka ji tari, irin wanda ba na mura ba. Da yamma Malam, mai gidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne da sai ka yi da gaske kake jin muryarsa, ya shigo ya ce so nake in ja masa. Na ce to ya mai da ni gidanmu ya huta. Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa, sai dariya ta ƙwace mana, domin ko yaji na ce zan yi ba ni da hanyar bi. Da dariyar ta wuce sai kuka ya biyo baya. Na gaya masa gaskiyata, ina tsoron Inna ta mutu a yunwar nan ba ta ga jikanta ba. Ya ɗauki yaron ya fita da shi.

A makon ne aka fita roƙon ruwa. Ashe mutanen Marke su ma ranar suka fita, muryoyinsu suna isowa ta saman gonaki, namu suna isa can. Da aka shafa, limamin Tudu, wani ɗan tsoho mai jin magana da kunne ɗaya, ya ce shi kam kunya ta kama shi. Muna roƙon Allah ya buɗe mana sama, mu kuwa mun toshe 'yar hanyar da ke tsakaninmu da 'yan'uwanmu. Ya ce shi bai rantse wa kowa ba. Ya ɗauki sandarsa ya kutsa cikin dawar turba yana ture ganye, ya nufi wajen limamin Marke.

Zaman sulhu a gindin ɗorawar aka yi shi, gaban dagaci. Ban je ba, Malam ne ya ba ni labari a taƙaice, Hansai ta ƙara masa gishiri. Aka bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗorawa, bana Marke ta kaɗa, baɗi Tudu, wadda ta faɗo da kanta kuwa ta yaron da ya tsinta ce ko ɗan ina ne. Rumbun da aka ƙona, samarin Tudu za su gina sabo da rani. Kawu ya ɗaga hannunsa da ya ɗoru a karkace ya ce ya yafe, in dai za a daina kiransa da sunan hannun. Masu rantsuwa kowa zai yi kaffara. Komai ya tafi sumul, sai da aka zo kan turba.

Baba na Tudu ya ce a shekarar da yara suke cin dusa ba mai hankalin da zai sare dawa kore, a bari sai kaka. Babanmu ya ce gaskiya ne. Wai sai wurin ya kwashe da dariya, don wannan ce magana ta farko da bakinsu ya zo ɗaya a kanta. Amma limamin Tudu ya ƙi. Ya ce yunwa ce ta zaunar da mu, in aka jira ƙoshi kowa zai tuna shi namiji ne. Ya ce ba zai shafa fatiha a kan sulhun da ba shi da hanya ba. Aka yi cirko-cirko, har wasu sun fara kaɗe riga.

Nan ne Malam, wanda bai taɓa buɗe baki gaban manya ba, ya ce a gafarce shi. Ya ce ai ba sai an sare ba. Gonakin duka biyu gurbi ne ko'ina, dawar turba kuwa ta yi yawa har tana danne juna. A cire ta a yi dashe, a cike guraben. Ba wanda zai yi asarar kara ɗaya. Tsofaffi suka kalli juna, suka rasa ta inda za su ƙi. Sai dai dashe ba ya kamawa a busasshiyar ƙasa. Don haka aka tsaya a kan cewa ranar da ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, washegari gari biyu za su fito. Goron sulhu da aka sayo ba a fasa shi ba, dagaci ya naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ya tafi da shi. Fatiha ma aka ajiye ta sai ranar.

To fa, sai ya zama ganina da Inna ya rataya a wuyan hadari. Duk manoman Tudu ba wanda ya kai ni kallon gabas. Na wanke zanina na fita unguwa da ruwan da ya kamata in sha, na ƙulle 'yan kayan yaro na ajiye a bakin gado. Gwaggo tana tsokanata wai in na ci gaba da harare-hararen nan zan kori hadarin. Kuma kamar da gayya, ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Na fara jin ana cewa goro ya soma yaushi, wasu samari kuma sun fara gunaguni cewa dama zancen tsofaffi ne.

Ranar wata Laraba da la'asar ina tankaɗe, iska ta tsaya cak. Tsuntsaye suka yi shiru. Sai wani sanyi ya taso daga gabas ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɗigon farko ya faɗo cikin rariyata ya yi rami a gari. Ban kwashe shanya ba, na ce ba zan ƙara ba hadarin kunya ya gudu ba. Kafin in miƙe ya ɓarke. Indararo ya fara ambaliya, yara suka tuɓe suka fita da ihu, muka jera duk wata ƙwarya da tukunya da ke gidan. Ni dai na tsaya a tsakar gida ruwa yana dukana, ina dariya kamar wata zararriya, Gwaggo tana kiran in shigo kada nono ya yi sanyi. Bai ɗauke ba sai da gari ya waye.

Da sassafe gangar noma ta tashi daga Tudu, wata ta amsa daga Marke. Gwaggo ta ce yau ba kulle, in goya yaro mu kai wa maza kunu. Abin da na tarar ban taɓa ganin irinsa ba. Maza sun kama turbar daga kai biyu, na Tudu daga nan, na Marke daga can, suna cire dawa da ƙasar gindinta, suna datse kan ganye, yara suna kwasa a kwando suna kai wa masu dasawa. Da farko kowa yana lura da tasa. Baba na Tudu yana bin kwanduna yana cewa wannan tawa ce, a kai ta yamma. Kafin hantsi ya ɗaga yara sun gauraya komai, ya tsaya riƙe da wata a hannu yana jujjuya ta. Babanmu, daga nesa, bai ko ɗago ba ya ce, "Dasa ta kawai, in ta yi ido ka tambaye ta." Kalmar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu kai tsaye tun ranar sanduna.

Da kai biyun suka haɗu a gindin ɗorawa, aka kawo jaki da mangala cike, aka kora shi ya bi, don a tabbata faɗin ya isa. Sannan tsofaffin mata suka fito da rassan lalle suka kakkafa a gefe da gefe. Dabarar Gwaggo ce. Ta ce maza ba a yarda da fartanyarsu a bakin iyaka, amma lalle kayan mata ne, wanda ya taɓa shi zai gane kurensa. Lallen da ya turo min ƙamshi jiya jikokin wancan ne, kuma har yau turba ba ta rage ko taki ɗaya ba, sai ma faɗi da ta ƙara.

Dagaci ya kwance tsumma, goro ya ɗan yi yaushi amma ya fasu. Limamai biyu suka shafa fatiha. Kaffara kuwa, liman ya ce kowane mai rantsuwa ya ciyar da miskinai goma, kuma a bana wa ya isa ya ce shi ba miskini ba ne? Baba na Tudu ya riga ya kai akuyarsa kasuwar Gezawa ya auno dawa, sai ya ciyar da mutanen Marke, Babanmu ya ciyar da mutanen Tudu. A ƙarshe aka tura wa tsofaffin biyu akushi ɗaya. Suna ci suna gardama a kan daddawar miyar, kowa yana cewa kalwar itacensa ce.

Ni duk wannan da rabin ido nake kallonsa. Na duba cikin matan Marke kaf ban ga Inna ba. Na je na durƙusa gaban Babanmu, ya kalli yaron, ya yi gyaran murya, ya ɓantari goro ya sa masa a hannu, ya ce in wuce gida. Malam ya ɗaga min kai. Na gyara goyo na shiga turbar, laka tana fitowa ta tsakanin yatsuna, saiwoyin dawa suna sosa min tafin ƙafa. Ban san lokacin da tafiya ta koma gudu ba.

Tun daga nesa na hango hayaƙi yana tashi daga gidanmu, ba irin na kara mai tashi fuu ya mutu ba, hayaƙin ice mai nauyi. Na yi sallama. Ga Inna a bayan ɗaki, ta rame, ta yi furfura fiye da yadda na bar ta, tana tura ƙirya a ƙarƙashin babbar tukunya. Rabin itacen gara ta cinye shi. Ashe tun da ta ji gangar farko ta hura wuta, shi ya sa ba ta fita ba. Ga ganyen runhu a jiƙe, ga kunun kanwa a rufe a gefe, Allah kaɗai ya san inda ta ɓoye geron.

Ta kwance yaron daga bayana, ta ɗaga shi sama tana duba shi gaba da baya. Ta ce, "Wannan ne angon nawa? Sai da ya cika baki da haƙora zai zo min, kuma hannu rabbana, ko cefane babu." Yaro ya miƙa mata goron da ke hannunsa. Ta karɓa, ta rungume shi, ta daɗe fuskarta a cikin wuyansa.

Sannan ta aje shi, ta share ido da bayan hannu, ta juyo kaina ta nuna tukunya.

"Tuɓe."

Na ce, "Haba Inna, yaron da yake gudu da ƙafarsa? Maƙwabta za su yi mana dariya."

"Su yi. Ni a wajena yau kika haihu."

Na tuɓe na durƙusa. Ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta fyaɗa min a baya, na ƙwala ƙara har matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna shewa. Ta ce raguwa kawai, in tsaya da kyau, ta sake tsomawa.